Bazarar da Ƙuda Ya Shiga Garkarmu

Mangwaron ne ya fara zuba tun bai nuna ba. Wata rana maigidana ya dawo daga garka, wato lambunmu, da rana tsaka, abin da bai saba ba, ya juye rabin buhu a tsakar gida, ya ce in fito in gani. A ido lafiyarsu ƙalau, sai dai kowanne da wani ɗan baƙin ɗigo a jiki, kamar an soka masa tsinin allura. Ya ɗauki ɗaya ya danna, yatsansa ya nutse. Da ya ɓare shi sai ga ciki ya zama ruwa mai wari, fararen tsutsotsi suna ta motsi. Ɗaya ta faɗo ƙasa, ta lanƙwashe, ta yi tsalle. Ban taɓa ganin tsutsa mai tsalle ba. Na ja da baya, na ƙara ɗaure goyona.

A lokacin muna zaune a Wurno, a gidan su maigidana, tare da mahaifiyarsa wadda kowa ke kira Inna. Ni malamar firamare ce, amma ina gida ina jego, ɗiyata ta fari ko kunu ba ta fara sha ba, nono kawai ta sani. Garkar gadon mahaifinsa ce, tana cikin fadama a kan hanyar Goronyo. Akwai mangwaro da gwaiba, tsakaninsu kuma yakan shuka kankana. Idan hatsin rumbu ya fara ja baya, garkar nan ce ke riƙe mu har damina ta sauka.

Inna ta fito da sandarta, ta duƙa ta daɗe tana kallon tsutsotsin.

"Mi na na kuma?" ta ce. "Tun ina amarya nika cin mangwaron garkag ga, ban taɓa ganin wanga abu ba."

"Ba mu kaɗai ba na, Inna," in ji maigidana. "Dut fadama haka take. Har mutanen Rabah sun ce ya kai musu."

Ranar kasuwar Goronyo ya je ya dawo da cikakken labari. Malamin gona ya tara masu garka ya yi musu bayani, ya ce wani baƙon ƙuda ne, ba irin na gida ba, ɗan ƙarami mai ratsin rawaya kamar jaririn zanzaro. Macen ce ke huda fatar mangwaro ta zuba ƙwai a ciki. Idan ya faɗi, tsutsar ta shige ƙasa, bayan 'yan kwanaki ta fito da fuka-fuki. Malamin ya ce a riƙa tsince duk wanda ya faɗi ana binnewa da zurfi, kuma akwai tarko da za a kawo, a ɗan yi haƙuri.

Haƙurin ne ya gagara. Kullum da safe maigidana zai tarar da ƙasan itatuwan ta cika. Gwaiba ta bi, kankana ma ta fara ruɓewa daga ciki. Dillalan da ke zuwa da mota daga Sakkwato suka zo, suka yanka biyu, suka koma motarsu ba su ko yi ciniki ba. Maigidana ya daina cin abinci sosai. Yana zaune ana magana sai ka ga hankalinsa yana garka.

Ranar wata kasuwa sai ya shigo da kwalba a aljihu. Babu takarda a jikinta, babu rubutu, bakin an toshe shi da leda. Ya ce wani mai talla ne ya ba shi, ya rantse masa cewa ko kunama ta shaƙa sai ta mutu. Ko da yake a rufe take, warinta ya cika zaure, wari kamar na tafarnuwa da kananzir a haɗe.

"Malam, ba ka jira tarkon?" na ce masa.

"In jira har su cinye garkar? Ke ba ki ga abin da nika gani ba."

Ya haɗa ta da ragowar maganin da yake fesa wa albasa, ya ce ƙarfin zai fi. Washegari ya goya injin feshinsa ya tafi.

Feshin albasa ƙasa ake yi wa. Na mangwaro kuwa sai an ɗaga kai, an ɗaga hannu, abin da aka watsa sama ya dawo wa mutum a fuska. Ga zafin bazara, wanda ko riga ɗaya nauyi take yi. Ranar farko ya dawo rigarsa sharkaf, ya ce kansa na sarawa, rana ce. Na karɓi rigar da wandon na wanke a bahon wankinmu, da hannuna, kamar yadda na saba. Ruwan ya yi fari kamar an zuba madara. Rana ta biyu ma haka. Ni ma kaina ya fara ciwo, miyau yana taruwa mini a baki, na ɗauka rashin barcin masu jego ne.

A rana ta uku, ana gab da azahar, na ji ƙarar mashin a ƙofar gida da sallama mai ƙarfi. Maƙwabcin garkarmu ne, dattijo mai kiwon zuma, ya ɗauro maigidana a bayansa da rawani don kada ya faɗo. Da aka kwance shi sai ya zube a zaure. Zufa tana fita daga jikinsa kamar an watsa masa ruwa, miyau yana dalala har ƙirji, naman fuskarsa da na cinyarsa yana rawa shi kaɗai. Numfashinsa yana wani ƙara, kamar ana hura ruwa da kara. Na kira shi, ya buɗe ido. Baƙin tsakiyar idonsa ya tsuke ya koma ɗan ɗigo. Yana kallona amma ba na jin yana ganina.

Inna ta fasa salati. Ta ce a kawo madara, a kawo manja a ɗura masa. Maƙwabcin ya ce a'a, malamin gona ya gargaɗe su kada a ɗura wa irin wannan komai, asibiti kawai. Ni dai na tsaya da goyo a baya. Abin da nake ji kawai shi ne numfashin nan, ina jira in ji ko zai sake jan wani.

A asibiti wata nas ce ta karɓe mu, babbar mace mai tabarau. Tana shaƙar warin ta sa safar hannu, ta ce a tuɓe masa kaya duka a wanke shi da sabulu har gashin kai. Aka yi ta yi masa allura, a jira kaɗan, a saurari ƙirjinsa, a ƙara wata. Aka ɗaura masa ƙarin ruwa. Ta tambayi sunan maganin. Maƙwabcin ya miƙa mata kwalbar a cikin leda. Ta juya ta, ta juya, babu ko harafi ɗaya.

Sai ta dube ni.

"Wa ka wanke mishi kaya?"

"Ni ta."

"Da hannu?"

Na ce i. Ta jawo ni bakin taga, ta buɗe idona da yatsa, ta sa in miƙa hannuwa. Suna ɗan karkarwa. Ta tambaye ni ciwon kai, ta tambaye ni miyau. Daga nan ta leƙa bayana, inda ɗiyata ke barci.

"Tana shan mama?"

"Shi kaɗai take sha."

Ta sake duban kwalbar, sannan ta dube ni. Kallon nan ya fi duk abin da na gani a ranar tsorata ni.

"Malama, ba ni son in tada miki hankali. Naki kaɗan na, in sha Allahu zai wuce. Amma ba mu san mi anka zuba cikin kwalbag ga ba. Ki dakata da ba ta tukuna. Ki riƙa tatsewa kina zubarwa, har mu ga idonki ya koma daidai."

Na kwance goyon. Nas ta duba yarinyar, ta buɗe 'yan idanunta, ta saurari ƙirjinta, ta ce ba ta ga komai ba, amma in sa ido. Idan na ga miyau ya yi yawa, ko zawo, ko jikinta ya saki, in rugo. Jariri kuwa kullum cikin dalalar da miyau yake. Ta yaya zan gane wanda ya yi yawa? Tun daga nan duk ɗigon da ya fito daga bakinta sai gabana ya faɗi.

Da la'asar, bayan mun koma gida, yarinyar ta farka da yunwa. Tana jin warina tana juya kai tana neman mama, ni kuma ƙirjina ya cika har yana zuba. Na ba Inna ita, na koma bayan ɗaki na tatse a ƙasa ina jin kukanta. Na tura ƙasa da ƙafa na rufe, don kada kaji su sha. Muka gwada madarar gwangwani da cokali, ta tofar. Inna ta ce a tatso akuya. Har an kamo akuyar sai na tuna ciyawar da take ci daga garka ake yanko ta, daga ƙarƙashin itatuwan nan. Na ce a sake ta. Na tsaya a tsakar gida ina dube-dube: baho, igiyar shanya, randa, buhun ciyawa, tabarmar da ya kwanta a kai jiya. Ban san wanne ne mai tsabta ba. Gidan da na share da hannuna da safe ya zama abin tsoro.

Inna ce ta ce a kira yayata. Tana aure a Maikujera, ta haihu kafin ni da kaɗan, ɗanta namiji. Na kira ta a waya, kuka ya hana ni bayani, sai Inna ta karɓa. Hanyarmu ba a son bin ta idan rana ta yi sanyi saboda rashin tsaro, don haka sai da gari ya waye mijinta ya kawo ta. Kafin nan da ɗigon madara a bakin cokali muka riƙe yarinyar, har muryarta ta dushe.

Yaya ko mayafi ba ta cire ba. Ta miƙa mini ɗanta, ta karɓi tawa ta zauna a bakin gado. Yarinyar ta kama da ƙarfi, tana sha tana ajiyar zuciya. Inna tana tsaye a bakin ƙofa.

"To, kun dai san hukunci," ta ce. "Daga yau wa da ƙanwa na. Babu aure tsakaninsu har abada."

"Inna, wa yac ce zan ba ku ɗana dama?" in ji Yaya.

Inna ta yi dariya, dariyar farko a gidan tun da aka kawo buhun nan. Ni ban iya ba. Ina kallon ɗiyata a ƙirjin wata, ina godiya, kuma wani abu yana sukata a zuciya.

Maigidana ya kwana biyu bai san inda yake ba. Nas ta ce irin wannan guba takan yi kamar ta tafi sannan ta dawo, don haka ko ya farfaɗo ba za a sake shi da wuri ba. Nakan bar yarinyar wurin Yaya in tafi in zauna kusa da gadonsa, ina kallon ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ranar da ya gane ni, abin da ya fara tambaya shi ne yarinyar. Na ce lafiyarta lau. Ya ce, "Garka hwa?" Na ce ban sani ba.

Labarinsa ya kai ga malamin gona, kuma ashe ba shi kaɗai ba ne, an kai wasu asibiti daga ƙauyukan wajen Goronyo. Sai ga malamin ya zo gidanmu tare da wata ma'aikaciyar lafiya, suka ce za su duba inda aka yi feshin, suna son wani na gida ya raka su. Inna ba ta iya tafiyar, don haka ni na bi su.

Na san garkar nan da hayaniya. Tsuntsaye, kwaɗi a bakin ruwa, ƙudan zuma a kan furen kankana. Ranar babu ko ɗaya. Takunmu kawai nake ji a kan busasshen ganye. Malamin ya sa takunkumi, ya ba mu mu ma. Ya duƙa ƙarƙashin wani mangwaro ya tattaro wani abu a tafin safarsa. Ƙudan zuma ne, matattu, da yawa. A magudanar da ke kawo ruwa daga gulbi, inda maigidana ke wanke injin, kwaɗi ne kwance ciki sama, da 'yan ƙananan kifaye sun taru a gefe sun yi fari. Wani ƙadangare yana kan tushen gwaiba, da rai, amma ko da na taka kusa bai gudu ba, kansa kawai ke karkarwa.

Maƙwabcinmu yana tsaye a kan iyaka. Ya nuna mana amyoyin zumarsa a kan itace. Babu ƙudan zuma ko ɗaya da ke shiga ko fita.

"Ruwan ga ina yaka zuwa?" ma'aikaciyar lafiyar ta tambaya.

Na bi magudanar da ido. Ta ratsa garkarmu, ta shiga ta gaba, ta gangara inda mata ke wanki, inda shanu ke sha. Ma'aikaciyar ta ɗebi ruwan a 'yan kwalabe, ta ɗebi na rijiyar garka, daga baya ta zo gida ta ɗebi na randarmu. Malamin ya tsinki ganye da 'ya'ya ya zuba a leda. Sannan ya ɗauki wani mangwaro da ya faɗi, ya yanka a gabana. Tsutsotsin suna nan da ransu, suna motsi.

"Kin gani, Malama? Su suna ciki, magani bai kai gare su. Ƙudan kuma in anka fesa nan, shi tashi shi koma garkar gaba, gobe shi dawo."

Ya kafa sanda da jan ƙyalle a bakin garkar. Ya ce kada a ci komai daga ciki, kada a sayar, kada a yanki ciyawa, kada a sha rijiyar, sai sun dawo da sakamako. Ma'aikaciyar ta sake duba idona a nan cikin rana. Ta ce bahon wankin a huda shi a binne, tufafin feshin ma haka.

Jiran sakamakon ya yi mini tsawo. Kowace safiya nakan ɗauki madubi in fita haske in duba baƙin idona, sannan in duba na yarinyar. Kaza ta yi gyangyaɗi, sai in bi ta da kallo. Yaran unguwa suka shigo da mangwaro a hannu, na ƙwace na jefa a masai, uwarsu ta zo tana faɗa, na kasa yi mata bayani sai kuka. Ina ci gaba da tatsewa ina zubarwa, kuma kullum abin yana raguwa. Na fara tsoron ko an ce in ba yarinyar, ba za ta sami komai ba.

Ranar da aka sallami maigidana nas ta duba ni da kyau, ta ce in koma shayar da ɗiyata. Na dawo gida na zauna da yarinyar a cinya na kasa. Yaya ta zauna kusa da ni.

"Ba ta mana."

"In akwai saura hwa, Yaya?"

"Likita ta ce babu. Ko kin fi ta sani? Ba ta, ina nan zaune."

Na yi bisimilla na ba ta. Da farko ta juya kai, ta saba da na Yaya. Sannan ta kama. Har ta ƙoshi ta yi barci idona yana kan bakinta da ƙirjinta. Yinin ranar ban ajiye ta ba ko sau ɗaya.

Sakamakon ya zo ta bakin malamin gona. Randar gida babu komai. Rijiyar garka da magudanar akwai, a bar su sai ruwan sama ya wanke. Amfanin garka na shekarar kuwa ya tafi, duka aka haƙa rami aka binne.

Tarkon ya iso daga baya. Ba wani abin mamaki ba ne: gorar roba ce da aka huda a gefe, da ɗan audugar da aka jiƙa da wani ruwa mai ƙanshi wanda ke jawo mazan ƙudan, su shiga su mutu a ciki. Aka ce sai kowa ya rataya, daga fadamar Wurno har Goronyo da Rabah, kuma kowa ya tsince abin da ya faɗi, domin garka ɗaya da aka bari za ta sake cika sauran. Idan feshi ya zama dole, ma'aikata ne za su yi, da rigar leda da takalmin roba, a ɗan gefen itace kawai, da sassafe kafin iska ta tashi. Kowane mako malamin yakan zo ya juye gorunan ya ga yawan abin da suka kama, ya leƙa magudanar, ya tambayi ko akwai mai ciwon kai. Makonnin farko gora takan cika baƙi ƙirin. A hankali abin ya riƙa raguwa. Bai ƙare ba, har yau bai ƙare ba, amma shekarar da ta biyo mun sayar da fiye da rabi. Zumar maƙwabcinmu sai da aka shekara kafin wasu ƙudan zuma su sake zama a amyoyinsa.

Yaya ta koma Maikujera ana gab da shuka. Maigidana ya daɗe ƙarfinsa bai dawo ba, yatsunsa sukan yi rawa idan zai yi aiki mai laushi. Ranar da ya fara komawa garka na bi shi da goyona, don ban yarda ya tafi shi kaɗai ba. Ya ɗauki gorar tarko zai ɗaura a reshe, wayar ɗaurin ta ƙi shiga ramin gorar. Ya gwada, ya sake gwadawa. Sai ya miƙo mini ba tare da ya dube ni ba. Na zura, na murɗa, ya nuna mini reshen da ke cikin inuwa, na rataya. Muka wuce itace na gaba.